Yadda dattawa za su ziyarci kogon Mammoth da motar kwana a lokacin kaka

Kogon Mammoth na jihar Kentaki a Amurka shi ne mafi tsawo da aka sani a duniya, hanyoyinsa sun haura mil 400. Ga ma'aurata da suka yi ritaya masu tafiya da motar kwana, wato motar da ke da gado da wurin girki a cikinta, Oktoba ya fi daɗi: zafi ya sauka, ganyaye sun yi ja da ruwan ɗorawa.

1. Ku sayi tikitin shiga kogo da wurin kwana tun kuna gida, a shafin Recreation.gov. Ɗan ƙasar Amurka mai shekara 62 zuwa sama yana samun rangwamen rabin kuɗi da katin dattawa na shiga wuraren shaƙatawa na gwamnatin ƙasar.

2. Ku zaɓi zagayen da gwiwa za ta ɗauka. Wannan ya fi komai muhimmanci. Zagayen Frozen Niagara gajere ne, matakalarsa kaɗan, amma akwai wanda matakalarsa suka kai ɗaruruwa, kuma idan an nutsa ciki ba a komawa sai tare da jagora.

3. Ku cika tankin ruwa da tukunyar gas, ku caja batura, domin yawancin wuraren kwana a sansanin baƙi da ke kusa da kogon ba su da lantarki.

4. Ku isa da hasken rana, ku daidaita motar da katako a ƙarƙashin tayoyi, don firji ya yi aiki kuma barci ya yi daɗi.

5. Ku ɗauki rigar sanyi da takalmi marar santsi. Cikin kogon yana kusan digiri 12 rani da damina.

6. Da fitowa, ku taka shimfiɗar wanke takalmi da aka tanada, saboda cutar da ke kashe jemagu.

7. Washegari ku zubar da ruwan datti a wurin da aka keɓe, sannan ku nufi tafkin Nolin da ke kusa.