Yadda za ka gano inda rikicin Borgu ya kusa zama yaƙi

Idan ina koya wa ɗalibaina wannan darasi, taswira nake fara shimfiɗawa. Kai ma yi haka. Nemo Busa a bakin kogin Kwara, ka ɗora yatsa. A wancan zamani, daga ƙasan duwatsun ruwan da ke Busa jirgi yana iya kaiwa teku, shi ya sa Faransa ta ƙwallafa rai, har sojojinta suka shiga garin a 1897, alhali Ingila na cewa wurin nata ne.

Sai ka duba takardun. A Nuwamban 1894 Lugard na ɓangaren Ingila ya riga Decoeur, hafsan Faransa, isa Nikki, wani babban garin Borgu, da 'yan kwanaki, amma Faransawa suka ce ba da sarki ya ƙulla yarjejeniyarsa ba. Abin da ke min ciwo, ƙasar Bargawa ake rabawa kamar naman watanda.

Yanzu tsaya a 1898, nan aikin yake. Chamberlain, sakataren mulkin mallaka na Ingila, ya sa Lugard ya kafa rundunar Yammacin Afirka, aka riƙa kafa tuta kusa da tutar Faransa, sansani na hangen sansani. Canza abu ɗaya tak a ranka: wani soja ya yi harbi, hafsa ya mutu. Tambayi kanka, Salisbury, firaministan Ingila mai son sulhu, zai iya danne Chamberlain da jaridun Landan?

Sannan ka jinkirta yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, wadda ta bar wa Ingila Busa, Faransa Nikki. Kai ta watan Satumba, lokacin da Kitchener, kwamandan Ingila, ya tarar da Marchand, hafsan Faransa, a Fashoda da ke bakin kogin Nilu. Rikici biyu ke nan a lokaci guda, ɗaya a Kwara, ɗaya a Nilu.