Idan hukuma ta ce a killace kaji saboda murar tsuntsaye

Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Raga kaɗai ba ta isa ba, don Allah a kula da wannan. Ƙwayar H5N1, mai jawo murar tsuntsaye, tana cikin kashin tsuntsayen daji, kuma ta saman ragar zai zubo. A yi wa akurkin rufi na kwano ko tamfol, a shigar da abinci da ruwan sha ciki, a toshe ramukan ɓeraye. Ni takalmi guda na ware wa akurki, ba ya taka ko'ina.

Agwagi a raba su da kaji, don suna iya ɗaukar cutar ba tare da sun nuna alama ba.

Sai maganar maƙwabcin da ya bar kajinsa suna yawo. Abin yana ci mini rai, amma kada a fara da faɗa. Wani bai ji sanarwar ba ne, wani kuma wuri ne ba shi da shi. A je a same shi cikin mutunci, a ba shi aron raga idan akwai. In ya ƙi ji, ko kajinsa suka fara mutuwa farat ɗaya, a sanar da jami'an kula da lafiyar dabbobi, kuma kada a taɓa mushen da hannu.