Darasi na Bakwai: Idan Firintar Ofis Ta Ƙi Bugawa

A ƙananan ofisoshi da shagunan kwamfuta na Birnin Kebbi, Jega ko Argungu, firinta ɗaya ce kan yi wa kwamfuta uku ko huɗu aiki. Ranar da ta ƙi fitar da takarda, sai a ce ta lalace, a kira mai gyara. Alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau, hanyar da ke tsakaninta da kwamfuta ce ta yanke.

Ku fara dubawa da ido. Tana kunne? Akwai takarda a ciki, ba ta maƙale ba? Da hunturu ƙura kan kwanta a kan robar da ke jan takarda, sai ta riƙa sulɓewa. Ku kashe firintar, ku goge robar da tsumma mai ɗan laima. Sannan ku tambayi na kusa da ku: "Hajiya, ke kwamfutarki tana bugawa?" Idan ta kowa na bugawa ban da taku, matsalar a kwamfutarku take. Ku duba ko ta hau Wi-Fi ɗin wayar wani maimakon na ofis. Idan kuwa duka suka tsaya, sai a koma kan yadda aka haɗa firintar.

A wasu ofisoshin an jona ta da wayar USB a kwamfuta ɗaya, sauran kuma ta nan suke bi. To in wannan kwamfutar tana kashe, ko ta yi barci, babu wanda zai buga komai. A tashe ta kawai.

A wasu kuma firintar tana haɗe kai tsaye da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a ofis, kuma nan ne aka fi shan wahala. Rauta kan ba kowace na'ura lambar adireshi, wadda ake kira IP, misali 192.168.1.20. Da an ɗauke wuta aka tada janareta, rauta ta sake kunnuwa, tana iya ba firintar wata lamba dabam, a ce 192.168.1.23. Kwamfuta ba ta san an yi haka ba. Tana ta aika saƙo tsohon adireshi, kamar mai kai wasiƙa gidan da masu shi suka tashi. Shi ne za ku ga an rubuta Offline, ga firinta kuma a kunne a gabanku.

Ku duba lambar a ɗan allon firintar, ko ku sa ta buga shafin bayanin haɗinta. A kwamfuta mai Windows ku shiga Settings, ku nemo Printers & scanners, ku zaɓi firintar, ku buɗe Printer properties, sannan Ports, ku duba lambar da kwamfutar ke aika wa saƙo. Idan lambobin biyu sun sha bamban, ku gyara ta kwamfutar, ko ku cire firintar ku sake saka ta. Shawarata, duk ranar da mai gyara ya zo, ku roƙe shi ya kafe wa firintar lamba ɗaya da ba ta canzawa. A wurin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan aikin ya fi kowane amfani.

Don Allah kada ku yi ta danna Print idan takarda ba ta fito ba. Ayyukan jeruwa suke yi, kuma da hanya ta buɗe duk za su fito, a yi asarar takarda da tawada. Ku buɗe jerin ku soke su. In sun ƙi sokuwa, ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta services.msc, ku nemo Print Spooler, ku zaɓi Restart.

Aikin gida: ku nemo lambar IP ta firintar wurin aikinku, ku rubuta ta a takarda, ku manna a jikinta. Ku zo da kwafin lambar a darasi na gaba.