Yadda Ake Duba Kwantena da Loda Ta a Kumasi Kafin Ta Kama Hanyar Tema

Ranar da kawuna ya fara bar mini tsayuwa a kan lodin kashu, a wani sito da ke bayan Aboabo, tirela ta iso da kwantena da hantsi, 'yan dako har sun tuɓe riguna suna jira. Na ce a fara. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ka shiga cikinta?"

"Kawu, ai daga kamfanin jirgi take. Dubi fentin ma sabo ne."

"Fenti ba ya tare ruwa. Shiga mu rufe ka."

Suka turo ƙofofi, duhu ya rufe ni. Da idona ya saba, sai ga haske kamar tsinin allura har wuri uku a rufin. Aka mayar da kwantenar, muka yi asarar kwana biyu da kuɗin mota. Da mun loda, ruwan sama da na teku ne za su yi ta ɗiga a kan buhuna har Indiya.

Dokokin duniya sun raba alhakin kwantena gida biyu. Lafiyar akwatin kansa tana wuyan mai shi, yawanci kamfanin jirgi ko na haya. Abin da ke ciki kuwa, da nauyinsa, da yadda aka jera shi, duk suna wuyan wanda sunansa ke kan takardar jirgi a matsayin mai aika kaya, wato kai. Kuma da zarar ka karɓi kwantena ka loda, da wuya wani ya saurari kukanka cewa da ma can a huje ta zo.

Fara da allon da ke jikin ƙofa

Kafin a buɗe komai, zagaya baya ka dubi ƙofar hagu. Za ka ga ɗan allon ƙarfe da aka kafe, an rubuta CSC SAFETY APPROVAL a samansa. Shi ne takardar haihuwar kwantena. Ya samo asali daga yarjejeniyar 1972 kan lafiyar kwantenoni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara tare da hukumar sufurin teku ta duniya da yau ake kira IMO, ta fara aiki a 1977. A kan allon akwai ƙasar da ta amince da ƙirar, da wata da shekarar da aka ƙera ta, da iyakar nauyin da za ta ɗauka, da nauyin da za a iya ɗora mata a bisa idan an jera kwantenoni a jirgi. A kan da yawa za ka ga kilo 192,000, kwatankwacin cikakkun kwantenoni shida ke nan da ɗoriya a kan ginshiƙanta huɗu.

Abin da ya fi damunka shi ne ranar bincike. Doka ta ce a binciki sabuwar kwantena kafin ta cika shekara biyar, daga nan kuma kada a wuce wata talatin tsakanin bincike da bincike. Don haka nemi ɗayan biyu: ko dai wata da shekarar bincike na gaba, wanda bai kamata ya wuce ba kafin kayanka su isa, ko kuma haruffan ACEP da lamba, alamar mai kwantenar yana da tsarin bincike na yau da kullum da hukuma ta amince da shi. Manyan kamfanoni galibi na biyun suke bi. Idan babu allon, ko ya goge har ba ya karantuwa, kada ka ma sa a sauke tsani.

A nan ne masu sayen tsohuwar kwantena suke ƙonewa. Wadda aka yanke wa taga aka mayar shago, irin waɗanda suka cika bakin titi daga Asawase zuwa Alabar, ta gama aikin teku, ko da allonta yana nan daram. Masu walda na Suame Magazin gwanaye ne, ba musu, amma waldarsu ba ta mayar da amincewar da yanka ya soke.

Sai lamba. A ƙofar dama daga sama akwai haruffa huɗu da ke ƙarewa da U, da lambobi shida, da lamba ɗaya a cikin ɗan akwati. Haruffa ukun farko na mai kwantenar ne, kuma wani ofishi a Faris mai suna BIC ne ke rajistarsu. Lambar cikin akwatin an lissafo ta ne daga sauran, don a kama kuskuren rubutu. Ka gwada dukan lambar kwantenar da wadda ejan ɗinka ya turo maka, harafi da harafi. A ƙarƙashinta za ka ga 22G1 idan mai ƙafa ashirin ce, 42G1 idan mai arba'in ce, 45G1 kuma doguwar mai arba'in ce mai ƙarin tsayi.

Zagaye na waje da na ciki

Dubi kusurwoyi takwas, waɗannan dunƙulallun ƙarafan masu huda. Da su ake ɗaga kwantena, da su ake kulle ta a tirela da jirgi. Tsaga a kusurwa, komai ƙanƙantarta, ba abin sasantawa ba ne. Haka ginshiƙin da ya lanƙwashe. Ɗan lotsawa a bango ba komai ba ne, kusan kowace kwantena tana da shi, kuma wanda ya ce sai marar tabo zai daɗe bai yi lodi ba. Durƙusa ka leƙa ƙarafan ƙasa masu riƙe daɓe. Buɗe ƙofofi ka rufe da hannunka, ka ga sandunan kulle suna shiga mazauninsu ba sai an buga da guduma ba, robar bakin ƙofa kuma ba ta yage ba. Idan akwai tsohuwar alamar kaya masu haɗari manne a jiki, a cire ta.

Daga nan ka yi abin da Kawu ya sa ni. Shiga, a rufe ka, amma ka bar mutumin da ka yarda da shi a bakin ƙofa. Duk inda haske ya shigo, ruwa zai shigo. Ka yi amfani da hancinka kuma. Daɓen katako yana shan wari, man kaɗe da koko kuwa sun fi kowa kwasar wari. Kwantenar da ta ɗauko taya ko sinadari za ta iya sa mai saye a Turai ya ƙi kayanka baki ɗaya. Taka daɓen lungu-lungu ka ji ko akwai inda ya ruɓe, ka cire ƙusoshin da masu lodin baya suka bari, don su ne masu farka buhu.

Lissafin nauyi kafin buhu na farko

A ƙofa an rubuta MAX GROSS, iyakar nauyin kwantena da kayanta, yawanci kilo 30,480, da TARE, nauyinta babu komai, wajen kilo 2,200 zuwa 2,300 ga mai ƙafa ashirin. Cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne iyakarka. Amma fa wannan iyakar teku ce. Titi yana da tasa: akwai sikelin gatari a hanya, kuma kwantenar da jirgi zai karɓa tana iya sa a tsare tirela a ci tara. Ka tambayi direba gatari nawa motarsa take da shi tun kafin ka ƙirga buhuna.

Kuskuren sababbin shiga shi ne zaton mai ƙafa arba'in tana ɗaukar ninkin nauyin mai ashirin. Fili ne ya ninka, daga wajen kubik mita 33 zuwa 67. Nauyin da aka yarda kusan ɗaya ne, har ma ta ɗan gaza saboda ita kanta ta fi nauyi.

Lodin kansa

A 2014 hukumomi uku na duniya, ciki har da IMO da ƙungiyar ƙwadago ta duniya, suka fitar da kundin yadda ake jera kaya a kwantena. Yana da kauri, amma abin da mai lodi a Kumasi yake bukata bai fi a ƙirga da yatsu ba. Nauyi ya bazu a kan daɓe, kada fiye da kashi sittin cikin ɗari ya taru a rabi ɗaya na tsawon kwantenar. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a bisa. Buhuna a sarƙe su kamar ginin bulo, layi ɗaya a tsaye, na bisansa a gicciye. Giɓin da ya rage ta kowace fuska, idan an haɗa shi, kada ya wuce santimita 15. Abin da ya fi haka a cike shi da katako ko jakar iska. Zoben ɗauri na ƙasa an yi su ne don wajen tan ɗaya, na sama rabin haka, saboda haka kada a ɗaure injin niƙa da zoben sama a ce an gama.

'Yan dako suna son cika gaba da kyau, in sun gaji sai su watsa na bakin ƙofa yadda ya samu. Nan ne ya kamata ka fi tsayawa. Layin ƙarshe a tokare shi da katako, don kada ya jingina da ƙofa ya rufto wa wanda zai buɗe a can.

Katakon ma yana da dokarsa. Duk falet ko katakon tokari da zai tsallaka ƙasa sai an gasa shi har cikinsa ya kai zafin digiri 56 na minti talatin, ko an yi masa hayaƙin kashe ƙwari, an buga masa tambari mai lambar ƙasa, GH a namu, da HT idan gasawa aka yi. Katakon da ka tsinta a bakin kasuwa zai iya sa a tsare kwantena guda a tashar da za ta sauka.

Sai gumi. Kwantenar da aka rufe cikin zafin Kumasi, idan ta shiga sanyin teku, danshin da ke cikin kaya yakan taru a rufi ya dawo yana ɗiga kamar ruwan sama. Kashu ko ƙwayar kaɗanya da ba ta bushe sosai ba ta fi jawo wannan. A shanya kaya su kai abin da kwantiragi ya ce, a shimfiɗa takarda a bango da bisa kaya, a rataye jakunkunan shan danshi, kuma kada a yi lodi ana ruwa.

Gawayi kuwa, kada wanda ya ruɗe ka ka rubuta shi da wani suna. A kundin kaya masu haɗari na teku yana aji 4.2, lamba UN 1361, saboda yana iya kama wuta da kansa a tsakiyar teku, kuma daga farkon 2026 an ƙara tsaurara sharuɗɗansa. Batiran litiyam ma suna cikin kundin, a aji na tara. Ka faɗa wa kamfanin jirgi gaskiya tun wajen kama wuri.

Awo da sa hannu

Tun 1 ga Yuli 2016, dokar SOLAS, wato yarjejeniyar duniya ta kiyaye rayuka a teku, ta hana ɗora kwantena a jirgi sai da tabbataccen nauyi, abin da ejan-ejan ke kira VGM. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da jirgin MSC Napoli ya tsage a gaɓar Ingila a Janairun 2007, an auna kwantenoni 660 na bisa bene, aka tarar 137 sun saɓa wa abin da aka rubuta da fiye da tan uku kowace. Mai tsara jirgi da lambar takarda yake aiki; in ka yi masa ƙarya, zai ɗora mai nauyi a kan marar nauyi.

Hanya biyu ce. Ko a auna kwantenar bayan an rufe, a kan sikelin da hukuma ta tantance, a cire nauyin mota da tirela. Ko a auna kowane kaya da falet da katako da igiya, a haɗa da nauyin kwantenar da ke rubuce a ƙofa. Ni na fi son ta farko ga kayan gona, don buhun da aka ce kilo tamanin ne ba kullum yake tamanin ba, kuma kuskuren kilo biyu a buhu ɗari biyu ya zama kilo ɗari huɗu. Kintace ba ya cikin hanyoyin. Ka tambayi ejan ranar da kamfanin jirgi ke rufe karɓar VGM, don wanda ya makara jirgi zai tafi ya bar shi da kuɗin ajiya a Tema.

Rufewa

Ɗauki hoto kwantena tana wofi, da tana rabi, da ta cika, da kuma ƙofar dama a rufe lambar tana fitowa. Sil ɗin da za a sa, wato hatimin kulle ƙofa mai lamba, ya zama na ƙarfe mai ƙarfi, wanda ya cika ma'aunin ISO 17712, mai harafin H a jiki, kuma a sandar ƙofar dama ake sa shi, don ita ake fara buɗewa. Ja shi da ƙarfi ka tabbatar ya kama, ka rubuta lambarsa, ka tura wa ejan nan take don ta shiga takardar jirgi daidai.

Kafin direba ya tayar, zagaya kusurwoyi huɗu na tirela ka taɓa makullan da ke riƙe kwantena da hannunka. Wasu direbobi biyu kawai suke murɗawa, wasu ma sarƙa suke jefawa a kan tirela mai shimfiɗa su ce ya isa. Daga Konongo zuwa Nkawkaw zuwa Nsawam akwai kwana da gangara da ramuka, kuma tan ashirin da ba a kulle ba ba ya jin birki. Idan makulli ɗaya ya lalace, a gyara shi a nan bakin sito, ko a kawo wata mota.