Kurakuran da aka fi yi wajen zana tambarin makaranta

Yawancin makarantun sakandare da kwalejojin da ake buɗewa a karkarar Kano da Jigawa sukan bar zanen tambarinsu a hannun mai buga takardu na cikin gari, shi kuwa ya harhaɗa duk abin da ya tarar a kwamfutarsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cunkoso. Sai a ga garkuwa ɗaya ta ɗauki littafi da alƙalami da fitila da taswirar duniya, alhali a aljihun rigar ɗalibi za a ɗinka bajon, inda faɗinsa bai wuce tafin hannun yaro ba. Gyaransa shi ne a zaɓi alama ɗaya ko biyu da ke bayyana inda makarantar take. Wadda ke kusa da Dutse tana iya ɗaukar bishiyar dabino, ta bakin kogin Haɗeja kuma ta ɗauki layin ruwa mai lanƙwasa, kamar yadda fararen layukan da ke kan baƙar garkuwar Najeriya suke nuna haɗuwar Neja da Binuwai a Lokoja.

Sai kuma batun launi. Masana tambari na Turai, ciki har da hukumar tambura ta Landan da aka kafa a 1484, suna bin tsohuwar ƙa'idar da ta hana ɗora fari a kan ruwan ɗorawa, domin su ne ke wakiltar azurfa da zinariya, ta kuma hana ɗora ja ko shuɗi ko kore ko baƙi a kan junansu. Hikimar ita ce a gane alamar daga nesa, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta jan rubutu a kan koren yadi bayan an sha wanke shi ya san gaskiyarsu.

Mikiya da fararen dawakin nan biyu kuwa na tambarin ƙasa ne, bai kamata a kwafo su ba.

Wanda ya fi damuna shi ne sa ayar Alƙur'ani a matsayin taken makaranta a jikin bajo. Niyyar mai kyau ce, amma rigar da yaro zai shiga banɗaki da ita, a kuma jiƙa ta tare da sauran kayan wanki, ba wurin aya ba ce. A bar ayar a allon ƙofar makaranta, a sa gajeren take na Hausa a bajon, sannan a nuna wa malamin Hausa ya duba ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ kafin a kai wa tela.