Yadda ake kallon rawar Kathak a Delhi ba tare da gyangyaɗi ba

Ranar da na fara shiga zauren kallon rawar gargajiya a Delhi, ina ji da kaina na shiga. Tun ina yaro nake kallon finafinan Indiya, a tunanina babu wani sabon abu da za a nuna mini. Ba a yi minti ashirin da farawa ba sai ga ni ina hamma. Mace ɗaya ce tsaye a dandamali, ba tsalle ba gudu, gira kawai take ɗagawa tana karkata wuya, makaɗa huɗu na zaune a gefe suna ta nanata kiɗa ɗaya. Amma jefi-jefi sai zauren ya ɗauka "wah, wah!" kamar an haɗa baki, ni kuwa ban ga abin da ya faru ba. Wani dattijo da ke gefena, wanda da alama hammata ta ishe shi, ya taɓa mini gwiwa ya ce, "Beta," wato ɗana, "ba ka ƙirgawa ne." Jinyar yayana ce ta zaunar da ni wata uku a garin, kuma abin da dattijon nan ya koya mini a daren shi ya sa na riƙa komawa duk yammacin da na samu mai karɓa ta a asibiti.

Ka fara da sanin inda za ka. Ka hau jirgin metro ka sauka a tashar Mandi House, inda layi mai launin shuɗi da layi mai launin shunayya suka haɗu. Da ƙafa za ka kai wurare uku daga nan. Akwai Triveni Kala Sangam a titin Tansen, cibiyar da Sundari Shridharani ta kafa a 1950, mai ɗakunan nuna zane da azuzuwan koyon kiɗa da rawa da ɗan filin wasa a buɗaɗɗen waje. Akwai zauren Kamani. Akwai ginin Rabindra Bhavan, inda hukumar kiɗa da rawa ta ƙasa, Sangeet Natak Akademi, da aka buɗe a 1953, take da ofishinta. Idan ka gangara kudu wajen titin Lodhi kuma, ga India Habitat Centre da India International Centre, waɗanda suke fitar da jadawalin wata-wata, kuma da yawan shirye-shiryensu ba a biyan ko rupi ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ke da kujera. Ni na fi son na biyun saboda yana jingine da lambun Lodi. Sai ka je da la'asar ka zaga kaburburan sarakunan ƙarni na 15, ka ga tsohon masallacin Bara Gumbad na 1494, kafin a buɗe ƙofar zaure.

Kakar wasanni daga Oktoba ce zuwa Maris. A Mayu da Yuni zafi kan haura digiri 40, kowa ta kansa yake yi. A Nuwamba ka riƙe takunkumi saboda hayaƙin garin, a Janairu kuma rigar sanyi mai kauri. Galibi ƙarfe shida da rabi ko bakwai ake farawa, kuma da hunturu rana kan faɗi wajen biyar da rabi, don haka ka yi magariba kafin ka shiga, ba a son fita da shiga ana tsakiyar wasa.

Sunan rawar daga kalmar katha ya fito, wato labari. Asalinta masu ba da labari ne da ke yawo wuraren bauta na arewacin Indiya suna kwaikwayon abin da suke faɗa. Daga baya ta shiga fadojin sarakunan Musulmi, ta ɗauko wasu kalmomin Farisanci da tufafin fada. Wajid Ali Shah, sarkin Awadh na ƙarshe da Turawan Ingila suka tuɓe a 1856, yana cikin waɗanda suka fi ɗaure mata gindi a Lucknow. Shi ya sa a dare ɗaya za ka ga mai rawa ta buɗe da yabon wani abin bautar Hindu, an jima kuma ta kai hannu goshi ta yi abin da suke kira salami, gaisuwar fada. Gidajen rawar uku ne sanannu: Lucknow, Jaipur da Banaras. Na Lucknow laushi da sarrafa fuska, na Jaipur ƙarfin ƙafa da juyi. Idan ka ji an ambaci Birju Maharaj, shahararren gwanin rawar da ya rasu a 2022, kuma mai maganar ya taɓa kunnensa, girmama malami yake yi.

Yanzu ga ƙirgar. Mafi yawan abin da za ka gani an gina shi ne a kan zagayen bugu 16 da suke kira tintal, an raba shi gida huɗu, kowane gida bugu huɗu. Bugu na farko sunansa sam, kuma duk wasan a kansa yake. Dattijon ya buɗe mini tafin hannuna na hagu ya ce in buga da na dama a kan ɗaya, a kan biyar, a kan sha uku. A kan tara kuwa ba a bugawa, sai ka juya hannun ka kaɗa iska, wannan gurbin shi ne khali, fanko ke nan. Sauran bugun da yatsu kake bin su a hankali.

To yaya za ka gane inda ɗaya take? Kada ka bi mai tabla, gangunan nan biyu da ake bugawa da yatsu, domin yakan shiga kwana-kwana ya ɓatar da kai. Ka nemi mai sarangi, wani abin kiɗa da ake gogawa kamar goge, ko mai harmoniya idan babu shi. Aikinsa a daren duka ɗan gajeren waƙe ɗaya ne mai tsawon bugu 16, yana ƙarewa yana sake ɗauka. Wancan maimaicin da ya sa ni hamma, ashe shi ne agogon wasan. Ka saurare shi sau uku ko huɗu, za ka ji inda yake komawa gida. Wata alamar kuma: idan aka zo wajen khali, gangar hagu mai kauri takan yi shiru na ɗan lokaci, kiɗan ya yi sirara, sannan ta dawo. Da ka ji ta dawo, sam ta kusa.

Da zarar hannunka ya kama, sai ka ga abin da jama'a suke gani. Mai rawa takan tsaya gaban makirufo ta karanto da baki abin da ƙafarta za ta yi, irin "ta thei thei tat, a thei thei tat", tana tafa ƙirgar. Sannan ta koma tsakiya ta buga shi da tafin ƙafa. A kowace ƙafa tana ɗaure da ƙananan ƙararrawa, irin akayau, ɗari ko fiye. Za ta bar hanya, ta yanka ta tsakiyar bugu, har ka rantse ta ɓata. Sai ta ɗauko jimla ɗaya ta maimaita ta sau uku cif, wannan shi ne tihai, kuma bugun ƙarshe na ukun ya faɗo daidai kan sam, ita da mai tabla lokaci guda, ta ƙame kamar an dasa ta. Nan ne ake cewa "wah" ko "kya bat hai". Daren da na fara cewa tawa a kan lokaci, dattijon bai ko kalle ni ba, kai kawai ya gyaɗa.

Sashen farko mai sanyi, inda ake wasa da gira da wuyan hannu, sunansa that. Ka yi haƙuri da shi, gudun yana zuwa daki-daki har a kai ga juyi a kan dunduniya wanda ido ba ya iya bi. Akwai kuma sashen labari, inda mace ɗaya take zama mutum biyu: ta juya nan ta zama yarinya ɗauke da tulu, ta juya can ta zama saurayin da ya tare mata hanya. A nan ka daina ƙirga, fuska za ka kalla. Saboda wannan sashen nake neman layi na huɗu ko na biyar, ɗan gefen da makaɗa suke. Daga baya can ƙarar ƙafa kawai za ka samu.

Idan zaman ƙasa ne a kan shimfiɗa, ka cire takalmi a ƙofa, kuma kada ka miƙe ƙafa ta fuskanci makaɗa ko kayan kiɗansu. Ni na yi, wata mata ta harare ni har sai da na tanƙwashe. Kada ka tafa da ƙarfi lokacin ƙirga, a kan cinya ake yi. Kada kuma ka yi tafi don ka ga masu kiɗa sun ɗan taɓa tsirkiya sun tsaya tun ba a fara ba, saita kaya suke yi. Hoto da bidiyo sai in an sanar cewa an yarda.

Idan kana da rana guda a sake, ban da Litinin da suke rufewa, ka biya gidan tarihi na ƙasa da ke titin Janpath kafin wasan. A sashen Harappa, wato na tsohuwar wayewar kwarin kogin Indus, akwai wata 'yar siffar tagulla da aka tono a kufan birnin Mohenjo-daro a 1926, wadda ta kai shekara 4,500, ana kiranta yarinya mai rawa. Tsawonta bai kai santimita 11 ba, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan cike da awarwaro. Sau biyu na wuce akwatin gilashin da take ciki ina neman abu babba, sai da mai gadi ya nuna mini ita da yatsa.