Yadda Ake Kiwon Raƙumi Mai Tozo Biyu a Kan Duwatsu da Ɗora Masa Kaya

Makiyayan Mongoliya da Kazakistan sukan hau duwatsun Altai da dabbobinsu idan zafi ya shigo, kuma sau da yawa raƙumi mai tozo biyu ne ke ɗauke da tanti da kayan gida. Duk mai son kiwon wannan dabba ya fara sanin cewa, ban da wannan ƙaura, lokacin zafi na hutu ne da tara kitse, aikin gaske kuwa sai sanyi ya kama.

Bayan hunturu ya wuce raƙumin yana zubar da gashinsa mai kauri, fatarsa ta kasance a fili, saboda haka kaya mai nauyi kan yi masa miki nan da nan. A sake shi ya yi kiwo a kwari mai faɗi inda akwai ƙaya da ciyawa mai gishiri, idan kuma babu, a ajiye masa gishirin lasa. A kauce wa gangara mai tsakuwa masu kaifi da wuri mai santsi, domin tafin ƙafarsa mai laushi ne. Tozon ne ma'aunin makiyayi: idan biyun sun miƙe tsaye da tauri, raƙumin ya ƙoshi, idan sun kwanta gefe, bai isa aiki ba tukuna.

Wajen lodi, a gurfanar da shi, a shimfiɗa matashi mai kauri na gashin tumaki kewaye da tozon, a ɗaure sanduna biyu, ɗaya ta kowane gefe, sannan a rataya kaya daidai wa daida, domin rinjayen ɓangare guda shi ne ke gurje baya. Ƙaƙƙarfan raƙumi yana ɗaukar kilo 170 zuwa 250, amma a hawan dutse hankali shi ne a rage. An fi amfani da dandaƙaƙƙe, saboda amale yakan yi faɗa a lokacin barbara.

A cikin ayari, a ɗaura akalar kowane raƙumi a kayan na gabansa da ƙulli mai saurin kwancewa, don kada hancinsa ya yage idan ya faɗi, a kuma rataya wa na ƙarshe ƙararrawa. Da wannan tsari fatake suka yi ta kai ganyen shayi daga Kalgan ta ƙasar Sin, su ratsa hamadar Gobi, zuwa Kiyakta a iyakar Rasha bayan yarjejeniyar da Rasha da Sin suka ƙulla a shekarar 1727, har jirgin ƙasa ya karɓe cinikin a farkon ƙarni na 20.